Facin Cikin Kawu

Kawuna mai faci ne, tun ina goye yake ɗaga tayoyin manyan motoci. Da ƙullutu ya fito masa a matsematsi, sai ya yanko tsohon tub na taya ya ɗaure wurin tamau, ya koma aiki. Shekara uku yana haka. Ranar da ƙullutun ya fara gardamar komawa ciki, na tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ta ce, "Baba, gwaiwa ce. Bangon cikinka ya huje, hanji ke leƙowa. In ya maƙale, maganar rai ake. Raga za mu shimfiɗa mu ɗinke."

"'Yata, ta ciki ko ta waje?"

"Ta ciki."

"To, kin san aiki. Facin waje ba ya kai mota gida."

Aka yi aikin lafiya. Ta hana shi ɗaukar nauyi mako shida, ya kuwa bi, wai bai taɓa ba wa taya iska gam bai kama ba. Yana kan benci, direbobi na nishi da tayoyinsu, yana cewa, "Ku lanƙwasa gwiwa, samari, gadon asibitin nan ba faɗi!"