Butocin Masallacinmu

Jiya matata ta jiƙa fararen kaya da bilic. Warin na bugun hancina sai na tuna da Baba, ƙanen kakana, mai sharar masallacin unguwarmu a Gummi.

Shekarar da zazzaɓin Lassa ya shigo, malamin asibiti ya ce a riƙa goge duk abin da hannaye ke yawan taɓawa. Kowa ya ji ya watsar, ban da Baba. Kafin kowace salla yakan tsarma bilic a bokiti, ya bi butocin alwala da tsumma. Mutane suka yi ta ƙorafi wai alwalarsu tana warin asibiti.

Wata rana na tarar da shi bakin rijiya, tafin hannunsa ya yi fari, duk ya tsattsage. Na ce, "Baba, ka huta mana."

Ya ce, "Jikana, ni ma na gaji. Amma duk wanda yak kama butag ga, ya gaisa da wanda yar riga shi."

Bana ciwon ya dawo. Bokitin yana hannuna, ƙorafin ma bai canza ba. Allah ya sanyaya hannuwan nan na Baba a kabari, ya ara mini ko rabin haƙurinsu.