Baffa Ilu da Gwauron da Aka Saki

Ku da kuka san Baffa Ilu kun san ba a kawo masa labari a tafi salin alin. Ka zo ka ce, "Baffa, an ce taki ya sauko a kasuwar Tsanyawa," sai ya zame tabarau zuwa karan hanci, ya leƙo ka ta sama, ya ce, "Wa ya ce?" In ka ce mutane ne, ya ce, "Mutane ba suna ba ne." Ya daɗe yana hedimasta a firamaren garinmu, ya yi ritaya, amma jan bironsa ya ƙi yi. Katin ɗaurin aurena ma bai tsira ba. Na kai masa cikin ladabi, washegari ya dawo min da shi da gyara huɗu, a ƙasa ya rubuta "Sake."

Na ce, "Baffa, ai an riga an raba wa jama'a."

Ya ce, "To aure ya ɗauru, kati ya faɗi."

Ni Habibu, ɗan ƙanensa ne, ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare. Ina kuma cikin masu sa kai da ke rubutu a kundin ilmin nan na intanet, wanda kowa ke iya karantawa, kowa ke iya sa hannu ya gyara. Wata rana da damina na ci karo da maƙala a kan wata waƙa da wata ƙasar Turai ta aika gasar waƙoƙi ta ƙasa da ƙasa. Wani ne ya zuba Turancin a injin fassara, ya kwaso ya liƙa, ko dubawa bai yi ba. An manna mata sanarwa cewa in ba a gyara ta cikin mako guda ba za a goge. Na yi karambani na ce ni zan duba. Kuskurena guda, a zauren Baffa na zauna karantawa, dariya kuma ta ƙwace min.

Ya ce, "Kai da waye?"

"Ni da waya, Baffa."

"Karanto mu ji."

Na gyara murya na karanta: "An saki gwauron a farkon bazara."

Ya ajiye goron da yake ɓarewa. "Subhanallahi! Me ya yi aka kama shi?"

Na ce ba kowa aka kama ba. Kalmar da Turawa ke kiran waƙar da aka fitar ita kaɗai, ita ce kuma suke kiran marar aure da ita, shi ne injin ya zaɓi marar auren. Na ci gaba: "A tsakiyar waƙar an canja makulli."

"Bayan sun sake shi kuma suka hana shi shiga gida? Kai, mutanen nan ba su da imani!"

Da ƙyar na iya yi masa bayanin cewa ɗaga murya zuwa wani mataki ake nufi. Ina jira ya taya ni dariya, sai na ga fuskarsa ta koma irin ta ranar jarrabawa.

"Wannan abin, yara na karantawa?"

"Duk wanda ya buɗe, Baffa."

"Da sunan Hausa?"

"E."

"To wanda ya karanta zai ce Hausa ce ta gaza. Ba za a goge ba. Ba a korar ɗalibi don malaminsa rago ne. Kawo."

Na ce, "Baffa, waƙa ce fa, ta Turawa! Kai da ko a rediyo ka ji kiɗa sai ka murɗe?"

"Rawa na ce maka zan yi? Rubutu zan duba."

Wayyo ni! Da na sani da na yi dariyata a gida. Da farko ya ƙi taɓa wayar, wai abin da ba a iya ja masa layi ba karatu ba ne. Ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya fito da tsofaffin takardun jarrabawa, ya ce in kwafe maƙalar da hannu a bayansu. Na ce ina da sabon littafi. Ya ce, "Takardar da aka rubuta gefe ɗaya rabin ranta ta yi. Ni ba na binne mai rai."

Garin namu kuma kun sani, sabis bai cika zama ba sai gindin ɗorawar da ke bakin gonarsa. Kullum bayan la'asar mu nufi can, shi da kujerarsa da takardu, ni da waya ina ɗaga ta sama. Kowace jimla sai ya tsayar da ni an nemo inda aka samo ta. In an samu, ya sa alama. In ba a samu ba, ya soke. Akwai inda aka rubuta cewa kakar mawaƙiyar ta yi kuka ranar gasar. Muka nema har gari ya fara duhu, babu. Ya ja layi ya ce, "Allah ya ba kakar haƙuri, amma mu ba mu ga hawayen ba."

Rana ta uku Malam Ado, maƙwabcinsa a gona, ya kasa daurewa. Ya ga takardu, ya ga ana nune-nune, hankalinsa ya tashi.

"Hedimasta, ko iyaka ake sake awo?"

"A'a, wata baiwar Allah ce a Turai muke bin diddiginta."

Kafin magariba gari ya ɗauka Hedimasta na neman Baturiya. Na kawo masa labarin ina murna yau zan ga ƙarshen tambayarsa.

"Wa ya ce?"

"Malam Ado."

Ya gyaɗa kai. "Ƙarya ce. Amma ka ga, tana da madogara."

Sai muka iso kan ɗaga muryar nan. Na ce mun samu a rubuce, mu wuce. Ya ce shi bai taɓa sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba. Na sauko da bidiyon muka koma gida. Ya sa na kulle ƙofar zaure, ya ce daga nan zuwa nan kawai za a kunna, kada in ƙara ko ɗigo. Na kunna. Mawaƙiya cikin farar riga ta buɗe hannuwa, wuta na tashi a bayanta, ta tsala wata ƙara da ta sa kajin gidan suka watse. Baffa ya riƙe haɓa.

"Ta ɗaga kam. A garin nan da tuni an ce kunama ce. Maimaita."

Sau biyar ana maimaitawa. Muna cikin na biyar matarsa, Inna Tabawa, ta leƙo ta ƙofar cikin gida, wadda ba mu tuna da ita ba.

"Malam, ita ce amaryar tamu?"

"Bincike nake yi."

"Allah ya ba da sa'a. In ta zo dai ka ce ta rage murya, ina da kaji masu kwanci."

Rigima ta gaske kuwa da wata mai gyara aka yi, wadda ke sa hannu da 'Yar Watari. An rubuta a maƙalar cewa waƙar ta fi kowace daɗi a gasar. Baffa ya soke, ya ce daɗi a kunnen mai ji yake. Washegari muka tarar ta mayar. Muka cire, ta mayar. Saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, ni kuma na ce mu bar mata. Ya dube ni kamar na ce a sayar da gonar. Ya miƙe tsaye a gindin ɗorawa, hannu a baya, ya yi min shifta in aika mata a shafin tattaunawa:

"Bayan gaisuwa mai yawa. Na ga kin ce ta fi kowace daɗi. Wa ya ce? In ke ce, ke ba madogara ba ce. In mutane ne, mutane ba suna ba ne. Sake."

Ba a jima ba amsa ta shigo: "Innalillahi! Hedimasta, kai ne? Rabi ce, 'yar gidan Sarkin Noma, ta aji shida. Wallahi ina karantawa na miƙe tsaye a ofis. Na cire, ranka ya daɗe."

Baffa ya koma kujera yana murmushi ƙasa-ƙasa. "Rabi! Yarinya mai ƙwaƙwalwa. Gaishe ta. Ka ce kuma ta manta aya a ƙarshe."

Aka cire sanarwar gogewa, har masu dubawa suka sa maƙalar cikin masu inganci. Na zo da gudu na yi masa albishir. Ya karɓi takardun ya juya su, ya rubuta a ƙasa, "Da dama." A wurinsa wannan lambar girma ce. Lokacin girbi kuma ina bayansa a gona na ji wani sauti na fita ta hancinsa, yana tafiya yana tafiya, sai ya ɗaga daidai inda matar nan ta ɗaga. Na ce, "Baffa, waƙar ce kake yi?" Ko juyowa bai yi ba.

"Wa ya ce?"

Bara, bayan ƙaramar salla, ya kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ranar zaman makoki mun yi ta ba da labarinsa har muna jin kunyar dariyar da muke yi. Can wani tsoho da ya zo daga wajen Rimin Gado, wanda babu wanda ya san shi a cikinmu, ya matso kusa da ni. Ya ce shi bai yi boko ba, kuma tun yana saurayi duk takardar da ta zo masa, ta asibiti ko ta kotu ko wasiƙar ɗansa da ya shiga duniya, Baffa yake kawo wa ya karanta masa a keɓe.

"Ya san abin kunyata kaf," in ji shi, yana share ido da bakin rawani. "Ban taɓa jin ko ɗaya a bakin wani ba."

Ya Allah, kamar yadda ya rufa wa bayinka asiri, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba Inna Tabawa haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.