Goro a Jakar Toka

Ban yi boko mai nisa ba, a aji uku na sakandare na ajiye biro, amma sitiyari kam na iya shi. Shi ya kawo ni Doha, da taimakon yayan matata, wani injiniya da ke zaune a unguwar Bin Mahmud, wanda har gobe in ya kalle ni sai in ga kamar bizar yake karantawa a goshina. Ni kuwa a Mansura nake, a ɗakin da muke kwana kamar kifin gwangwani.

Lokacin korona motocin kamfaninmu suka tsaya cak, muka zauna muna kallon silin. A nan shan sigarina ya ƙaru. Tun ina saurayi nake sha, kuma irin shan mutanenmu: ka dunƙule karan a tafin hannu, ka yi ta tafiya kamar an aike ka, in ka gama ka yar ka wuce. Mai hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya da sigari a baki, don bai san wanda zai ɓullo ba. A Doha mutum ɗaya nake gudun ya ɓullo, injiniya. Ko turaren wuta ya yi yawa sai ya yi wa'azi, balle ya ga mijin ƙanwarsa na busa hayaƙi.

Da gasar kofin duniya ta matso, manajanmu ya tara direbobi. Ya ce, "In ƙwallo ta ƙare, rabinku za ku koma gida. Wanda baƙinsa suka yi kuka da shi, shi ke nan, shi ne na farko a jirgi." Ina da yara a makaranta, kuma a shekaruna ba wanda zai sake ɗaukata. Sai ya miƙo min makullin ƙaramar bas, ya ce nawa baƙin 'yan Japan ne. Na tambayi masaukinsu. Bin Mahmud. Duk faɗin garin nan, sai layin injiniya.

Mutane ne masu daɗin ɗauka, ban ƙi gaskiya ba. In an ce ƙarfe tara, kafin tara sun jeru suna jirana. Suna da tafinta, wata mata da ke yin Turanci a hankali yadda irina zai gane. Akwai kuma wani tsoho mai farin gashi, kullum cikin shuɗiyar rigar ƙwallo, shi ma ɗan hannu ne. Amma shansa ya ba ni dariya. Sai ya nemi izinin kowa, ya tafi can kusurwar layi inda aka ajiye wani gwangwani mai yashi, ya tsaya ƙiƙam kamar soja, duk duniya na kallonsa, ya sha, ya kashe, ya dawo. Na ce a raina, wannan ba shi da suruki a garin nan.

Ranar da na kai su Al Wakrah kallon jiragen masunta, na bi bayansu ina zuƙar abina, na gama na cilla guntun gefen hanya. Da za mu tashi sai tsohon ya zo gabana, ya rusuna, ya miƙo min wata 'yar jaka da hannu biyu. Ba ta fi tafin hannu ba, tana da maɓalli, cikinta na ƙyalli kamar takardar kwalin sigari. Kaina ya kumbura. Tunda na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa rusuna min.

Na juya ta, na buɗe, na rufe. Nan take na gane amfaninta: goro. Goro a Doha tsada gare shi, ga shi da saurin bushewa, wannan kuwa tana riƙe danshi kamar ganye. Washegari na kawo masa tukwici, wata hula da na yi ta ajiya, sannan na buɗe jakar a gabansa don ya ga kyautarsa ta samu daraja. Na ɓallo masa ɓarin goro. Ya kalli jakar, ya kalli tafinta, ya karɓa ya tauna. Fuskarsa ta tattare kamar an matsa masa lemon tsami, amma ya haɗiye, ya rusuna, ya ce na gode. Na ce aiki ya zauna.

Sai dai daga nan bas ta fara yin shiru. Gaisuwa na nan, rusunawa na nan, amma dariyar ta ragu. Na ɗauka fargabar wasa ce. To, sun ci Jamus, sun fito daga fili a makare, wai sun tsaya tsince shara a manyan ledoji, kuma duk da murnar, da suka shigo motata sai kowa ya nutsu.

A madubi na gano. Na gama sha a bayan bas, na yar, na hau kujerata. Ina daidaita madubin sai na ga tsohon ya duƙa a wurin da na tashi. Ya tsinci guntuna da yatsu, ya fito da wata jaka irin tawa sak, ya jefa ciki, ya danna maɓalli. Mutumin da ya isa haifata.

Na tare tafinta. "Madam, mene ne waccan jakar?"

Ta fara yabon tuƙina. Ta yabi sanyin motar. Ta yabi hular.

Na ce, "Madam, ni ba ɗan boko ba ne, faɗa min kai tsaye."

Ta ce ta toka ce. A ƙasarsu ba a shan sigari ana tafiya, don wutar tana daidai fuskar yara, hayaƙin kuma na wanda ke bayanka ne. Wuri ake nema a tsaya. Toka da guntu kuwa a jaka ake zubawa, a tafi da su gida.

"To me ya hana ku faɗa min?"

"Ai mun faɗa. Mun ba ka jaka."

Ka ji fa. Zagi ne aka naɗe shi da rusunawa, ni kuma na saka da hula. Na tambaye ta ko manaja ya kira. Ta sunkuyar da kai, ta ce ya kira jiya, ta gaya masa suna tunani tukuna. Ko ni na san abin da wannan tunanin zai haifa.

Dainawa ba ta cikin lissafi, na gwada a korona, na kusa cin ɗan ɗakinmu ɗanye. Abin da ya rage shi ne gwangwanin yashin nan, wanda ke kallon ƙofar gidan injiniya kamar da gangan aka dasa shi. Na juye goron a aljihu. Bayan azahar, da tsohon ya nufi kusurwa, na bi shi. Ya kunna min, na kunna masa, muka tsaya ƙiƙam mu biyu, ba mai jin yaren wani. Ina kaɗe toka a jaka yana gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibinsa ya sauke.

Ban kai rabi ba sai ga injiniya da carbi a hannu.

"A'a! Malam, me nake gani haka?"

"Sigari ne, Yaya."

"Na san sigari ne! A tsakiyar titi, gatse-gatse, ko kunya?"

"Ka'ida ce, Yaya. A tsaye ake sha."

Tsohon ya ga babban mutum, sai ya rusuna masa har ƙasa, da hulata a kansa. Injiniya shi ma ya ɗan rusuna, ya wuce yana salati.

Kafin la'asar matata ta kira daga gida. Na gyara murya zan fara bayani, ta katse ni.

"Abban yara, wa kake ɓoye wa? Ni nake wanke maka riguna tun aurenmu. Aikin dai, yana nan?"

Yana nan. Ban san abin da tafinta ta gaya wa manaja ba, amma da aka kwashi direbobin da aka sallama zuwa filin jirgi, ni na tuƙa su. Injiniya ya daina gayyatata cin abincin Juma'a, ban kuma rame ba. Jakar tana aljihuna har yau, toka nake zubawa, sai dai goro ya koma bushewa a leda, kuma wannan ban yafe wa Japan ba.