Inna Ummussalma, Mai Bado a Tsakar Gida

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Inna Ummussalma a gidan ɗanta Malam Badamasi da ke Haɗeja, bayan gajeriyar jinya. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da nawa.

Inna, ban manta zuwanki unguwarmu ba. Shekarar babbar ambaliya ce, ruwa ya ci ƙauyenku da ke bayan Kirikasamma, aka kawo ki da ƙullin kaya ɗaya. Wata biyu kina zaune a bakin ƙofar ɗaki, abinci sai an lallaɓa ki. Har Malam Badamasi ya fara tsoron kewa za ta kashe ki. Ya durƙusa ya tambayi abin da kike so, kika ce, "Badamasi, samo mini lakar fadama da saiwar bado."

Ya samo. Kika shimfiɗa lakar a gindin wata ƙatuwar kwatarniya, kika binne saiwar, kika danne da tsakuwa, kika cika ruwa a hankali don kada ya gurɓace. Kika sa aka ja ta inda rana ke daɗewa. Kullum kina tsince ganyen da ya ruɓe, kina mayar da ruwan da rana ta sha.

Ni ce na fara yi miki ƙorafi, Allah Ya yafe mini. Na leƙo na ce, "Inna, sauro za ki tara mana." Kika yi dariya, dariyarki ta farko da na ji, kika ce, "Ramatu, matso ki gani." Ashe kin saki 'yan ƙananan kifaye a ciki, su ke cinye tsutsar sauron. Na tsaya ina kallonsu suna gilmawa ƙarƙashin faffaɗan ganye, sama na lilo a fuskar ruwan, har na manta da tukunyar da na bari a wuta.

Shekara na zagayowa maigidana ya rasu, na shiga takaba. Barci ya ƙi, magana ta gundure ni. Sai ga ki da sassafe, da sandarki, ɗauke da ƙwarya, farin furen bado na yawo a ruwan cikinta. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika zauna a gefen tabarma kina ba ni labarin 'yanmatancinki: yadda kuke tura kwalekwale da gora cikin tafki bayan asuba, hazo kwance a kan ruwa, furanni farare har inda ido ya tsaya, kuna tsinko 'ya'yan bado da za a shanya a daka a yi tuwo. Muryarki na tafiya a hankali, na ji kamar ni ma ina cikin jirgin nan, ruwa na shafar yatsuna. Ranar na yi barcin da na yi kwana arba'in ina nema. Haka kika yi ta zuwa har na fita takaba, duk da ciwon gwiwar da ke damun ki.

Da na tambaye ki ko kina son komawa ƙauye, kika dubi ruwan kwatarniyar, kika ce, "Ai ina zuwa kullum da safe."

Ya Allah, Ka jiƙan Inna Ummussalma, Ka yafe kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Badamasi da matarsa Sakinatu, wadda ta yi jinyarta kamar uwar da ta haife ta, da 'yar marigayiya, Hafsat, da ke Miga, da jikoki baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Wanda kuma ya zo gaisuwa, idan ya fito, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa, domin ni ma uwa na rasa.

Ramatu Shu'ibu, Haɗeja