Tukunyar da na ɓoye ranar sunan 'yata

A farkon shekarun dubu biyu ni ɗan Maraɗi ne da ya sauka garin Greensboro, can ƙasar waje, ba sana'a, ba Turanci, sai Faransancin makaranta da ƙarfin damtse. Faransancin nan ne ya sama mini wanke-wanke a wani gidan abincin Faransawa kusa da Elm Street, irin wanda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, lauyoyi su fito daga kotu su ci ɗan naman da bai fi loma biyu ba suna lumshe ido. Mai gidan tsohon Bafaranshe ne, shi ya kafa wurin tun garin bai san irin wannan girki ba. Ga faɗa kamar ya ari baki, amma da ya ji ina amsa masa da yarensa sai ya janye ni daga bakin famfo ya damƙa mini wuƙa. Ya san ba na taɓa giya da alade, sai ya bar ni a kan kifi da kayan lambu. Duk da haka a masallaci cewa nake a sito nake aiki, don kar a ce ina girki inda ake zuba giya a miya.

Da aka haifa mana 'ya na gaya masa ranar suna don kara kawai, ban zaci zai zo ba. Wallahi sai ga shi a unguwarmu ta Glenwood cikin kwat, rungume da tukunya. Ya ja ni gefe ya ce sabuwa ce fil, naman rago ne daga mahaucinmu na halal, ko ɗigon giya babu, kuma girkin mahaifiyarsa ne da bai taɓa sayar wa kowa ba. Kafin in yi godiya wani Alhaji ya tambaye ni wane ne wannan Bature, me kuma ya kawo. Kaico! Na ce maƙwabci ne. Na karɓi tukunyar na tura ta bayan firji, aka yi ta fito da shinkafa da dambu. Tsohon ya zauna a ƙasa da ƙyar saboda gwiwa, ya ci dambunmu da hannu, yana leƙen farantin kowa ko zai ga nasa. Da zai tafi ya nemi tukunyarsa, matata da ba ta san komai ba ta lalubo ta. Ya ɗaga murfin a gabana, ko cokali bai shiga ba. Ya rufe, ya shafa kan jaririyar, ya fita.

Bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma nauyin baki ya kama ni, kullum sai gobe. Da tattalin arziki ya karye masu ci suka ɗauke ƙafa, ya rufe gidan ya koma ƙasarsu, can ya rasu. Yau wurin shagon waya ne, mu da ya koya wa muna warwatse a gidajen abincin garin nan, da sana'arsa muke ciyar da iyalanmu. Daga baya na tambayi malami, ya ce abincin halal ne, butulcin kuma nawa ne. Abin yana cina har yau. Jama'a, tsoron bakin mutane daban, tsoron Allah daban, kada ku haɗa su. Wanda ya riƙe hannunka a baƙunta, ka nuna shi ga mutanenka ba kunya tun yana da rai, domin ni yanzu ba ni da wanda zan ba haƙuri.