Mai Ɓoye Ƙwallo a Inuwa

Tela maƙwabcinmu, wanda shagonsa ke jikin shingen wayar filin golf, sam bai yarda da mutumin nan mai farar hula ba. Dattijo ne mai tumbi, wuya sharkaf da gumi, da tsakar rana yana biye da wasu 'yan kwalisa uku. Kowa na buga ƙwallonsa wajen rami, shi kuwa nasa kullum sai gindin bishiyar bakin waya.

Yana shiga inuwa sai ya waiga kamar mai shirin sata. Ya zaro gora, ya zuba wani farin gari, ya girgiza, ya kwankwaɗa, ya jiƙa tawul ya ɗora a ƙeya. Tela ya rantse ko giya ce, ko asiri.

Rannan Tela ya leƙo ta waya ya ce, "Ranka ya daɗe, me ake sha a ɓoye?"

"Gishiri da sukari ne, malam. Jiri nake ji. Rage murya, waɗancan 'yan ofishinmu ne, jira suke in faɗi su haye kujerata."

Daga can ɗayansu ya ƙwala kira, "Yallaɓai, ka ga ƙwallon?"

Dattijo ya take shi da takalmi, ya jingina da bishiya.

"Ina dai nema!"