Masassaƙin da Ya Mayar wa Gambo Damarsa

In ka bi ta Soron Ɗinki da hantsi, za ka tarar da Malam Isyaku masassaƙi a ƙofar zaurensa, zaune a kan buzu, gizago a gefe, 'yan wuƙaƙe a jere. Shekara arba'in ke nan yana sassaƙa alluna da akusa a wurin nan. Bana ido ya yi rauni, ya ce bayan babbar salla zai ajiye wuƙa. Kafin ya ajiye, bari Kanawa su ji wanda ke zaune a cikinsu.

Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, wani Balarabe ɗan kasuwa ya kawo masa gyaran akwatin tangaran, an cusa takardu a ciki don kada kaya su fashe. Ya warware ɗaya, sai ga hoton ƙatti biyu masu tumbi sun sarƙe da kokawa. Ya warware wata, mayaƙi ne da takubba biyu. Ta uku wani ne ya shafe fuska da fari yana zare ido kamar ɗan kama. Balaraben ya ce daga wata ƙasa suke, can gaba da Sin, wai ita Japan. Kowa hoton ya kalla. Shi kuwa sai ya ɗaga takardar a rana, ya hango zanen jikin itace a cikin launin. Ashe ba alƙalami ba ne, sassaƙa aka yi, aka shafa tawada, aka danna takarda.

Wata uku yana ɓarnar iccen aduwa. Ya samo shuni a marina, ya dama da ƙaro, ya riƙa goge bayan takarda da gindin ludayi har hoto ya fito.

Abin da ya fara sassaƙawa shi ne damben nan na Ƙofar Mazugal, ranar da Gambo mahauci ya kai Sabo Bahago ƙasa, mutumin da ba a taɓa kayarwa ba. A lokacin sassaƙar, Gambo yana kwance, ciwo ya shanye masa hannun dama, ba abin da ya rage masa sai labarin ranar nan. Malam Isyaku ya sassaƙa yadda idonsa ya gani: na tsaye da zaren dambe naɗe a dama, na ƙasa da nasa a hagu. Don gudun maganar malamai bai yi musu fuska ba. Ya buga talatin, ya rabar a kasuwa yana murna.

Bai lura ba, abin da ke dama a itace, hagu yake fitowa a takarda. Ga shi babu fuska, da hannu kaɗai ake gane mutum. Kafin la'asar mutanen Sabo sun zaga kwatar mahauta da takardar, suna cewa ga shaida, bahago ne a tsaye.

Washegari 'Yardada, matar Gambo, ta yi sallama a zauren, takardar a hannunta. Ba ta yarda ta zauna ba.

"Malam, a gabanka aka yi damben nan. Ciwo ya ɗauke masa hannu mun yi haƙuri, kai kuma ka ɗauki ranar ka ba Sabo?"

Da wani ne, da sai ya ce ai laifin itace ne. Malam Isyaku ya rufe zaure, ya bi takardun nan gida gida har Goron Dutse, yana ba da haƙuri yana karɓa, 'yan kwata suna yi masa tsiya wai masassaƙin da bai san damarsa ba. Duka ya samo sai ɗaya. Tana wurin Sabo, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bayar ba.

Sai Malam ya ari madubin 'Yardada, ya jingine shi a gabansa, ya sake sassaƙar a juye, yana kallon madubi yana yanka. Kwana tara ya yi. Da ya buga, ya tafi kwata, ya miƙa wa Sabo a gaban mahauta.

Sabo ya daɗe yana kallo. Can sai ya yi dariya, ya ɗaga leɓe ya nuna giɓinsa.

"Ku daina wahalar da Malam. Haƙoran nan biyu damar Gambo ce ta zubar da su, ni na sha ta."

Ya zaro tsohuwar takardar daga aljihu ya jefa a wuta, ya ɗauki sabuwar da kansa ya kai gidan Gambo. Waɗanda ke wurin sun ce Gambo ya sa hagu ya ɗago shanyayyen hannunsa, ya ɗora a kan hoton, ya daɗe bai ɗauke ba.

Malam Isyaku, kai ne ka ga takardar naɗin kaya ka ciro sana'a daga cikinta. Kai ne ka bar mana 'yan tauri da 'yan kama da ganuwa tun kafin ta zaizaye, duk a kan aduwa. Mai gizago, ka yi kuskure a bainar jama'a, ka gyara a bainar jama'a. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon nan haske.

Masu sana'a kuma, duk wanda aikinsa ya taɓa mutuncin wani, ya taka ya je ya gyara da kansa. Wanda ke son ganin yadda ake yi, ya leƙa Soron Ɗinki kafin salla. Madubin yana nan jingine a zaure, 'Yardada ta ce ta bar masa.